Moumouni Adamou Djermakoye: Kanal ɗin da rikicin MNSD ya kai shi kujerar shugaban majalisa

Ranar Lahadi 14 ga watan Yunin 2009, dubban mutane suka fito a birnin Yamai domin nuna adawa da shirin tazarcen shugaba Tandja Mamadou. Cikin shugabannin jam'iyyun da suka hallara har da Moumouni Adamou Djermakoye, jagoran ANDP Zaman Lahiya, mai shekaru 70 da haihuwa. Ana dakon jawabinsa sai ya yanke jiki ya faɗi. Aka garzaya da shi asibiti, a can rai ya yi halinsa.

Mutumin da ya fito yi wa zanga-zanga a ranar tsohon abokin aikinsa ne tun suna sanye da kaki. Tare suka kifar da gwamnati a 1974, tare suka yi minista, sannan suka yi takarar shugabancin jam'iyya ɗaya a 1991. Wannan takara ce ta raba MNSD Nasara gida biyu, kuma ita ce ta yanke wanda zai shugabanci majalisar dokoki ta farko da aka zaɓa bayan komawar Nijar tsarin jam'iyyu da yawa.

Ɗan sarauta a cikin kaki

An haifi Djermakoye ranar 22 ga watan Mayun 1939, a gidan sarautar Zarmakwai na Dosso, ɗaya daga cikin manyan gidajen sarauta na yammacin Nijar. Ya shiga aikin soja tun yana matashi. Ranar 15 ga watan Afrilun 1974, lokacin da fari da yunwa suka addabi ƙasar, yana cikin hafsoshin da suka mara wa Laftanar Kanal Seyni Kountché baya wajen hamɓarar da shugaba Diori Hamani. Shi da Tandja duk sun samu kujera a majalisar ƙolin soja ta CMS.

Mako guda bayan juyin mulkin aka naɗa shi ministan harkokin waje, ya riƙe muƙamin har watan Satumban 1979. Daga nan ya koma ma'aikatar matasa, wasanni da al'adu, sannan ma'aikatar kiwon lafiya daga 1981 zuwa farkon 1983. Shi kuwa Tandja a waɗannan shekaru ya mulki jihar Maraɗi, ya yi ministan cikin gida, sannan ya shafe kusan shekaru bakwai yana mulkin jihar Tawa. Ɗaya ya yi suna a tarukan ƙasashen waje, ɗaya ya san sarakuna da manyan 'yan kasuwar ƙasar Hausa ɗaya bayan ɗaya. Wannan bambanci ya yi tasiri daga baya.

Bayan rasuwar Kountché a watan Nuwamban 1987, Ali Saibou ne ya gaje shi. A 1988 sabon shugaban ya tura manyan hafsoshin biyu aikin jakadanci: Djermakoye zuwa Amurka da Majalisar Ɗinkin Duniya, Tandja zuwa Najeriya. Tandja ya dawo gida a 1990 ya sake karɓar ma'aikatar cikin gida, Djermakoye kuwa bai bar Amurka ba sai tsakiyar 1991.

Takarar da ta raba gida

Ali Saibou ya kafa MNSD a 1989 a matsayin jam'iyya ɗaya tilo. Amma boren ɗalibai da ƙungiyoyin ƙwadago ya tilasta buɗe fagen siyasa, har aka kai ga babban taron ƙasa da ya gudana daga 29 ga watan Yuli zuwa 3 ga watan Nuwamban 1991 ƙarƙashin jagorancin Farfesa André Salifou. Taron ya ƙwace yawancin ikon Ali Saibou, ya naɗa Amadou Cheiffou firaministan riƙon ƙwarya. MNSD ta fita daga taron da tabon tsohuwar gwamnati, tana neman sabon jagora.

Mutum biyu ne suka tsaya: Djermakoye da Tandja. Tun zamanin Diori ake kallon mulkin Nijar a matsayin wanda ke hannun 'yan yammacin ƙasar, saboda haka magoya bayan Djermakoye suna ganin jagorancin jam'iyyar nasa ne. Wasu jiga-jigan kuwa sun yi wani lissafi daban: zaɓe na tafe, kuma yawan ƙuri'u yana Maraɗi, Damagaram da Tawa. Tandja, ɗan Maïné-Soroa a jihar Diffa, shi ne zai iya fitar da jam'iyyar daga zargin ɓangaranci. A babban taron MNSD na watan Nuwamban 1991 Tandja ya yi nasara, Hama Amadou ya zama sakatare janar.

Djermakoye bai haƙura ya zauna a matsayin na biyu ba. Magoya bayansa suka kafa ƙungiyar abokansa da ake kira CAMAD, wadda a 1992 ta rikiɗe ta zama jam'iyyar ANDP Zaman Lahiya. Cibiyarta Dosso, kuma yawancin waɗanda suka bi shi tsofaffin 'yan MNSD ne.

Kujeru 11 da suka sauya lissafi

An yi zaɓen 'yan majalisa ranar 14 ga watan Fabrairun 1993. Daga kujeru 83, MNSD ta samu 29, CDS Rahama ta Mahamane Ousmane 22, PNDS Tarayya ta Mahamadou Issoufou 13, ANDP kuma 11. Makonni biyu bayan haka, a zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa, Tandja ya zo na ɗaya da kashi 34 cikin 100, Ousmane ya samu sama da kashi 26, Issoufou kusan kashi 16, Djermakoye kuma kashi 15.

A nan ne MNSD ta ga abin da ɓarakar 1991 ta janyo mata. Ita da ƙananan jam'iyyu biyu da ke tare da ita suna da kujeru 33. Da a ce kujeru 11 na ANDP suna gida, da sun kai 44, alhali 42 kawai ake bukata domin samun rinjaye. Haka ma idan aka haɗa ƙuri'un Tandja da na Djermakoye, saura ƙiris su kai rabin ƙuri'un da aka kaɗa a zagayen farko.

Djermakoye ya kai kujerunsa ƙawancen AFC, wanda ya haɗa CDS, PNDS, ANDP da wasu ƙananan jam'iyyu da nufin hana MNSD komawa mulki. Da su ƙawancen ya kai kujeru 50. Rabon muƙamai ya bi sakamakon zaɓe: wanda ya kai zagaye na biyu, wato Ousmane, kowa zai mara masa baya, Issoufou zai zama firaminista, Djermakoye kuma shugaban majalisar dokoki. Ranar 27 ga watan Maris Ousmane ya kayar da Tandja da kashi 54 cikin 100.

Zaɓen da aka yi sau biyu

Ranar 13 ga watan Afrilun 1993 'yan majalisar AFC suka zaɓi Djermakoye shugaban majalisa. 'Yan MNSD suka ƙaurace wa zaɓen, suna cewa yadda aka gudanar da shi ya saɓa wa kundin tsarin mulki, suka kuma shigar da ƙara. Ranar 23 ga watan Afrilu kotun ƙoli ta ba su gaskiya, ta soke zaɓen. Kwanaki goma kacal da hawansa, sabuwar majalisa ta wayi gari babu shugaba.

Hukuncin ya nuna cewa a jamhuriya ta uku kotu na iya taka wa masu rinjaye birki, abin da ba a saba gani ba a zamanin soja da jam'iyya ɗaya. Sai dai bai sauya adadin kujeru ba. A watan Mayu aka sake zaɓen, Djermakoye ya sake lashewa. MNSD, wadda ta fi kowace jam'iyya kujeru, ta zauna a ɓangaren adawa tana karɓar izinin magana daga mutumin da ta kayar a taronta watanni 18 da suka wuce.

Majalisar da ya jagoranta ba ta samu kwanciyar hankali ba. Baitulmali babu kuɗi, ma'aikata na bin bashin albashi, yajin aiki ya yawaita, ga tawaye a arewacin ƙasar. A watan Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, farashin kaya ya tashi. Jam'iyyun AFC kuma suka shiga takun-saƙa kan rabon muƙaman gwamnati.

Ƙarshen watan Satumban 1994 Issoufou ya yi murabus, bayan shugaba Ousmane ya rage wa ofishin firaminista iko. PNDS ta fice daga AFC ta haɗa kai da MNSD, rinjaye ya koma ɗaya ɓangaren. Sabon firaminista Souley Abdoulaye bai yi wata guda ba majalisa ta kaɗa masa ƙuri'ar yanke ƙauna. Ranar 17 ga watan Oktoba Ousmane ya rusa majalisar, kujerar Djermakoye ta tafi da ita bayan kimanin shekara ɗaya da rabi.

A zaɓen Janairun 1995 kujerun ANDP suka ragu zuwa 9, sabon ƙawancen MNSD da PNDS ya samu 43. Issoufou ya zama shugaban majalisa. Rikicin cikin gida ya sake taso wa MNSD lokacin da Ousmane ya ƙi naɗa Hama Amadou, ɗan takarar masu rinjaye, ya ɗauko wani ɗan jam'iyyar, Amadou Boubacar Cissé, ya ba shi firaminista. MNSD ta kori Cissé, majalisa ta tsige shi cikin makonni biyu, Hama ya hau. Zaman doya da manjan da ya biyo baya tsakanin shugaban ƙasa da firaminista ne Kanal Ibrahim Baré Maïnassara ya kafa hujja da shi ya yi juyin mulki ranar 27 ga watan Janairun 1996.

Tsakanin gwamnati da adawa

Djermakoye ya tsaya takara a zaɓen Yulin 1996, inda Baré ya rusa hukumar zaɓe ana tsakiyar aiki, ya kuma yi wa abokan takararsa huɗu ɗaurin talala. Duk da haka ANDP ta amince da nasarar Baré, ta shiga zaɓen majalisa na watan Nuwamba da manyan jam'iyyun adawa suka ƙaurace masa. Wannan mataki ya janyo masa suka mai yawa. A watan Afrilun 1998 ya raba gari da Baré, yana zargin an mayar da jam'iyyarsa saniyar ware.

Bayan kisan Baré a watan Afrilun 1999, ya sake tsayawa, ya zo na biyar da ƙasa da kashi 8. A zagaye na biyu ya goyi bayan Issoufou, Tandja ya yi nasara. Ya zauna a adawa a matsayin ɗan majalisa daga Dosso har 2002, lokacin da ANDP ta koma ɓangaren masu rinjaye, Tandja ya naɗa shi babban minista mai kula da haɗin kan Afirka da shirin NEPAD. A zaɓen 2004 ya samu kashi 6, kuma a karon farko ya nemi magoya bayansa su zaɓi Tandja a zagaye na biyu.

Masu sukarsa sun sha cewa inda mulki ya karkata nan yake karkata. Magoya bayansa kuwa suna cewa sunan jam'iyyar ne yake bi, wato sasanci da zaman lafiya. Abin da ƙuri'u suka nuna shi ne goyon bayansa ya yi ta raguwa daga kashi 15 zuwa 6 cikin shekaru 11, kuma ANDP ba ta taɓa yin ƙarfi sosai a wajen yankinta na asali ba.

A watan Mayun 2005 takwarorinsa suka zaɓe shi shugaban babbar kotun da ke shari'ar shugaban ƙasa da ministoci, wadda 'yan majalisa ne alƙalanta. A zamaninsa ne aka miƙa wa kotun shari'ar tsohon firaminista Hama Amadou a 2008, lamarin da ya sake raba MNSD tsakanin 'yan Tandja da 'yan Hama.

Rabuwa ta ƙarshe

Kundin tsarin mulkin 1999 ya ƙayyade wa'adi biyu, kuma na Tandja zai ƙare a watan Disamban 2009. Da shugaban ya bayyana aniyar shirya zaɓen raba gardama domin ƙara shekaru uku, Djermakoye ya fito fili ya ƙi, duk da cewa jam'iyyarsa na cikin gwamnati. Ranar 26 ga watan Mayu Tandja ya rusa majalisa, karo na biyu ke nan da rusa majalisa ya raba Djermakoye da kujerarsa. Ranar 12 ga watan Yuni kotun tsarin mulki ta soke dokar kiran zaɓen raba gardamar. Kwana biyu bayan haka ya fito gangamin da bai koma gida ba.

Salon rabon da ya kai shi shugabancin majalisa a 1993 ya ci gaba bayansa. Ousmane ya samu kujerar a 1999 bayan ya goyi bayan Tandja, Hama Amadou a 2011 bayan ya goyi bayan Issoufou, Seini Oumarou a 2021 bayan ya goyi bayan Mohamed Bazoum. A 2014, bayan ƙawancen Hama da Issoufou ya riga ya watse, Amadou Salifou, ɗan ɓangaren MNSD da ya bijire wa uwar jam'iyya, shi ne ya gaji kujerar.

An yi jana'izar Djermakoye a Dosso, mahaifarsa. Tandja ya rusa kotun tsarin mulki, ya gudanar da zaɓen raba gardama ranar 4 ga watan Agusta, sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka kifar da shi ranar 18 ga watan Fabrairun 2010. A cikin wannan shekara ANDP Zaman Lahiya ta zaɓi ɗan'uwan marigayin, Moussa Moumouni Djermakoye, ya gaje shi a shugabancin jam'iyyar.