Bitrus Gani-Ikilama, Makahon da Ya Zama Likitan Gashin Ƙashi

Ya kai ɗalibi, wataƙila ka taɓa ganin makaho yana bara a bakin Babbar Kasuwar Gombe, yaro na yi masa jagora. Shin ka taɓa tunanin abin da zai zama da an sa shi a makaranta? Riƙe wannan tambaya, ka karanta tarihin Bitrus Gani-Ikilama.

An haife shi a Donga, cikin Jihar Taraba ta yanzu, a shekarar 1944. Yana ɗan shekara biyar ƙyanda ta kama shi, ta tafi da ganinsa. A wancan zamani, sanda da ƙoƙon bara ne rabon yawancin yara irinsa. Shi kuwa aka kai shi makarantar makafi ta Gindiri, a Jihar Filato ta yanzu. Can ya koyi rubutun makafi, wato ɗigo-ɗigo masu tudu a kan takarda, waɗanda ake karantawa da kan yatsa.

Daga nan ya shiga makarantar sakandaren maza ta Gindiri, ya zauna aji ɗaya da masu ido. Shi ne makaho na farko da ya yi haka a wannan makaranta. Ka auna wahalar da kanka. Malami yana rubutu a allo, kowa na kwafa, kai kuwa sai kunne kaɗai. Littafin da ke hannun maƙwabcinka ba shi da amfani gare ka, sai in ya yarda ya karanta maka. A ganina, a nan ne jarumtakarsa ta fi bayyana.

Ya tafi Landan ya koyi gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, ya dawo gida a 1967. Ya yi aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, sa'an nan na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda ya shugabanci sashensa.

Bai manta da yunwar littattafai da ya sha ba. A 1976 ya kafa cibiyar Hope for the Blind a Zariya. Aikinta na farko mai sauƙi ne: a karanta littafi da murya, a naɗa a kaset, ɗalibi makaho ya saurara sau nawa ya ga dama, ba tare da ya roƙi kowa ba.

Ya rasu ran 20 ga Fabrairu, 2011, saura kwana biyar ya cika shekara 67.