Paul de Vivie, mutumin da ya koya wa keke hawan dutse

Wanda ya taɓa ɗauko buhun gero a bayan keke daga kasuwar Ɗan Issa ya san cewa a tudu ake gane ƙarfin mahayi. In hanya ta miƙe kowa gwani ne, amma da ta fara hawa sai ka ga mutum ya sauka yana turi. Yau za mu ba masu karatu tarihin wani Bafaranshe wanda ya ƙare rayuwarsa wajen neman maganin wannan wahala.

An haifi Paul de Vivie a shekarar 1853 a garin Pernes, kudancin Faransa. Sana'arsa ta fari cinikin siliki ce, ita kuwa ta zaunar da shi a birnin Saint-Étienne. Bai hau keke ba sai a 1881, yana da shekara 28. Keken zamanin nan ba irin namu ba ne: ƙafar gaba ƙatuwa ce, ta baya ƴar ƙarama, mahayi yana can bisa kamar wanda ya hau raƙumi. Duk da haka ya yi tafiyar kilomita 100 da shi cikin awa 6, watau fiye da zuwa Maraɗi daga Ɗan Issa da komowa.

Fatauci ya kai shi Ingila, inda ya ga kekunan da ake ƙerawa a birnin Coventry. A 1887 ya bar cinikin siliki ɗungum, ya buɗe kanti yana shigo da kekunan Ingila, ya kuma kafa jarida mai suna Le Cycliste. A cikinta yake sa hannu da sunan Vélocio, wanda ya bi shi har ya danne sunansa na yanka. Bayan shekara 2 ya fara ƙera nasa keken, ya sa masa suna La Gauloise.

Kusa da Saint-Étienne akwai wata mashiga a kan dutse da ake kira Col de la République, tsayinta mita 1161. An ce wata rana yana fama da hawanta, gumi ya jiƙa shi, sai wani mai karanta jaridarsa ya wuce shi a kan keke yana shan lofe hankali kwance. Abin ya tsaya masa a rai. Keken lokacin giya ɗaya gare shi. In an yi ta da nauyi tana gudu a fili amma ta gagara a tudu. In an yi ta da sauƙi tana hawa, amma a fili ƙafa ta yi ta juyawa ba a cin ƙasa. Vélocio ya ga babu dalilin da zai hana keke ɗaya ya sami duka biyu. Da fari ya haɗa faranti biyu masu haƙora, babba da ƙarami, sai mahayi ya tsaya ya ɗaga sarƙa da hannu ya mayar da ita kan wanda yake so. Ya yi shekaru yana gwaji yana gyara, shi da abokansa, har aka kai ga na'urar da ke sauya wa sarƙa wuri ba tare da an sauka ba. Bai yi rajistar dabarun nan da sunansa ba, saboda haka wasu ne suka ci ribarsu.

Masu tseren keke ba su karɓi abin ba. Henri Desgrange, wanda ya kafa babban tseren Tour de France a 1903, yana ganin sauya giya aikin tsofaffi ne da raunana. To, a 1902 ƙungiyar Touring Club de France ta shirya gwajin kekuna a duwatsun Pyrénées, wata mace mai suna Marthe Hesse ta hau mashigar Tourmalet da keken Vélocio mai giya 3. Mashigar nan tsayinta mita 2115 ne, ta ɗara ƙololuwar Bagzan ta ƙasar Ayar, wadda ba ta da na biyu a Nijar. Duk da wannan shaida, sai a 1937 aka yarda dukan ƴan tseren Tour de France su yi aiki da na'urar, bayan mutuwar Vélocio da shekara 7. Taurin kan manya ba yau ya fara ba.

Shi kam bai damu da tsere ba. Abin da yake so shi ne doguwar tafiya don ganin ƙasa da gwada jimiri, dare da rana, har bayan da furfura ta rufe masa kai. Ba ya cin nama. Daga abin da ya gani a hanya ya tsara wa mahaya ƙa'idodi 7. A cikinsu akwai cewa a ci abinci kaɗan-kaɗan tun yunwa ba ta zo ba, a sha ruwa tun ƙishirwa ba ta kama ba, kada a daɗe a wurin hutu, kada a matsa wa jiki a farkon tafiya, a bar taba da barasa, kuma kada a taka keke don a nuna wa mutane iyawa. Ta ruwan nan ta fi shafar mu da muke tafiya cikin zafin bazara.

A farkon 1930 jirgin lantarki na cikin gari ya buge shi a Saint-Étienne yana tura kekensa, ya mutu yana da shekara 76. An binne shi a Liyon.

Tun 1922, yana da rai, aka fara taruwa ana hawan Col de la République don girmama shi, an kuma kafa masa dutsen tunawa a can bisa. A 1947 wata ƙungiyar mahaya ta birnin Paris ta shirya tafiya mai suna Flèche Vélocio: mutane ƙalilan su haɗu su yi aƙalla kilomita 360 cikin awa 24, su nufi kudancin Faransa, yankin da aka haife shi. A 1994 kuma wani mutumin Ostareliya, George Mallory, jikan shahararren mai hawan dutsen Everest, ya yi ta hawa da sauka a kan dutsen Donna Buang da keke har jimillar hawansa ta kai tsayin Everest, watau mita 8848. Tun daga 2014 mahaya na ƙasashe da yawa suke gwada wannan, kowa a tudun da ke kusa da garinsu.