John Grierson: Ɗan Malamin Makaranta Da Ya Shigar Da Masunta Da Ma'aikatan Gidan Waya Cikin Fim

Duk wanda ya saba sauraron rediyo ko kallon talabijin ya san irin shirin nan da ba wasan kwaikwayo ba, ba kuwa labarun duniya ba, inda akan ɗauki abu guda, ko noman auduga, ko aikin asibiti, ko zaman masunta a bakin ruwa, a bi shi daki-daki har mai kallo ya fahimce shi. Turawa suna kiran irin wannan shiri dokumentari. Mutumin da aka fi dangantawa da yaɗuwar sunan, wanda kuma ya ƙare rayuwarsa yana jayayya cewa babu aikin ɗan Adam da ya yi ƙanƙanta a yi fim a kansa, shi ne John Grierson, mutumin Sikotlan.

An haife shi ran 26 ga watan Afrilu, 1898, a ƙauyen Deanston da ke kusa da garin Stirling. Ubansa shugaban makaranta ne, uwarsa ita ma malama ce, kuma tana cikin matan da suka yi fafutukar a ba mata ikon jefa ƙuri'a. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko ya shiga sojan ruwa tun bai cika shekarun shiga ba, ya yi aiki a ƙananan jiragen da ke share nakiyoyin da aka dasa a teku. Bayan yaƙi ya gama Jami'ar Glasgow a 1923.

A 1924 ya sami tallafin karatu ya tafi Amurka, ya fara da Jami'ar Shikago, inda ya yi nazarin yadda jaridu ke sarrafa ra'ayin jama'a. A zamanin nan wani marubuci mai suna Walter Lippmann yana koyar da cewa al'amuran mulki sun cakuɗe ƙwarai, har talaka mai ƙuri'a ba shi da hanyar sanin abin da yake zaɓa a kai. Grierson ya yarda akwai cutar, amma bai yarda ba ta da magani ba. A ganinsa, in mutane ba za su karanta rahoton gwamnati ba, ai za su zauna su kalli hoto mai motsi. A watan Fabrairu na 1926, cikin sharhin da ya rubuta wa wata jaridar New York a kan fim ɗin Robert Flaherty mai suna Moana, wanda aka ɗauka a tsibiran Samoa, ya yi amfani da kalmar dokumentari, daga nan ta bi duniya.

Da ya koma Ingila a 1927 sai ya sami aiki a hukumar da ke tallar kayan ƙasashen da Ingila ke mulka, ƙarƙashin sakatarenta Stephen Tallents. Nan ne aka ga wayonsa na sha'anin ofis. Hukumar tana son yin fim, amma sai Baitulmali ta yarda. Babban jami'in Baitulmali na lokacin, Arthur Samuel, ya taɓa rubuta littafi a kan wani ƙaramin kifin teku da ake kira herin. Saboda haka aka kai masa shawarar fim a kan kamun herin, kuɗi kuwa suka fito. Duk ma'aikacin da ya taɓa bin fayil daga tebur zuwa tebur ba sai an yi masa bayanin wannan dabara ba.

Fim ɗin, Drifters, ya fito a 1929, ba shi da murya. Babu sarki a ciki, babu soyayya, sai masunta suna fita teku, suna jan koma cikin hadari, suna kawo kifi kasuwa. A gidajen silima na Ingila a wancan zamani, leburori sukan fito ne a matsayin abin dariya, don haka ganinsu a matsayin jarumai ya zama sabon abu. Abin mamaki, bayan wannan Grierson bai ƙara sarrafa fim da hannunsa ba sai kaɗan. Ya koma tara samari yana horar da su, yana nemo musu kuɗi, yana kuma yi musu faɗa, don an san shi da zafin baki.

Da aka rufe hukumar a 1933, ƙungiyarsa ta koma ƙarƙashin Ma'aikatar Gidan Waya, kuma a shekarun nan ne aka ga yawan abubuwan da irin wannan fim zai iya ɗauka. A 1934 Basil Wright ya yi fim a kan ƙasar Silon, wadda yanzu ake kira Sri Lanka. A 1935 an yi ɗaya a kan masu haƙar kwal, wani kuma a kan yadda gidan rediyon BBC ke shirya shirye-shiryensa. A 1936 aka yi Night Mail, labarin jirgin ƙasan da ke ɗaukar wasiƙu da dare daga Landan zuwa Sikotlan, ma'aikata suna rarraba su jirgi na tafe.

Amma wanda ya fi barin gado ga rediyo da talabijin shi ne Housing Problems na 1935, wanda almajiransa Arthur Elton da Edgar Anstey suka yi a unguwannin matalauta na gabashin Landan. An kai kyamara da na'urar ɗaukar murya har cikin ɗakunan, aka bar mazauna su faɗi da bakinsu yadda ɓeraye da kuɗin cizo da rufi mai yoyo suka dame su. Ƙanwar Grierson, Ruby, ita ce ta zauna da matan har suka saki jiki suka yi magana. Yau ba wanda zai yi mamakin ganin talaka yana faɗin kukansa a gaban kyamara, amma a lokacin da wuya a ga haka. Ruby ta mutu a 1940, sa'ad da jirgin yaƙin Jamus na ƙarƙashin teku ya nutsar da jirgin da take ciki tare da yaran da ake kai wa Kanada.

Akwai abin da ya kamata a faɗa a nan, don masu suka sun daɗe suna faɗarsa, kuma suna da hujja. Wanda ya biya kuɗin fim ɗin gidajen ƙungiyar kamfanonin iskar gas ce, wadda ke da riba in an gina sababbin gidaje. Na Silon kuwa masu tallar ganyen shayi ne suka biya, saboda haka bai tsaya a kan ladan da ake biyan masu tsinkar ganyen ba. Har ila yau, cikin taragon da ake gani a Night Mail a ɗakin ɗaukar fim aka gina shi. Grierson bai ɗauki wannan ha'inci ba. A wurinsa gyara abin da ya faru don a fahimce shi yana cikin aikin. Sai dai tun da kuɗin daga gwamnati da kamfanoni suke fitowa, finafinan sukan nuna wahala su yi shiru a kan wanda ya jawo ta. Motocin majigi da suka riƙa zagaya garuruwan Arewacin Nijeriya a zamanin Turawa, suna nuna finafinan tsabta da noma, a kan irin wannan tsari suka tashi: gwamnati ce ke biya, ita ce kuma ke zaɓar darasin.

A 1939 gwamnatin Kanada ta kafa Hukumar Finafinai ta Ƙasa bisa shawararsa, ta naɗa shi shugabanta na farko. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu hukumar ta riƙa aika masu majigi ƙauye-ƙauye da masana'antu, kuma fim ɗinta Churchill's Island na 1941 ya ci kyautar Oscar. Ya ajiye aikin a 1945. Ba a jima ba aka tono wata ƙungiyar leƙen asirin Rasha a Kanada, sunan wata da ta taɓa yi masa sakatariya ya fito a ciki. An yi masa tambayoyi a gaban kwamitin bincike, ba a same shi da laifi ba, amma zargin ya toshe masa hanyar aiki a Amurka. Ya yi aiki da UNESCO a Faris, sa'an nan da ofishin watsa labarai na gwamnatin Ingila daga 1948 zuwa 1950.

Mutane da yawa suka ɗauka zamaninsa ya wuce, sai talabijin ta dawo da shi. Daga 1957, har kimanin shekara 10, ya gabatar da shirin This Wonderful World a gidan talabijin na Sikotlan. Yakan tsinto gajerun finafinai daga ƙasashe dabam-dabam, na kimiyya da na raye-raye da na dabbobi da na sana'o'i, ya zauna gaban kyamara ya yi bayaninsu kamar malami a aji. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar a Jami'ar McGill ta Kanada. Ya mutu a garin Bath na Ingila ran 19 ga watan Fabrairu, 1972, yana da shekara 73, kuma a shekarar aka kafa kyautar finafinan dokumentari mai ɗauke da sunansa.