Gay-Lussac: Masanin da ya mayar da ɗigo ma'auni

An haifi Joseph Louis Gay-Lussac ranar 6 ga Disamba, 1778, a garin Saint-Léonard na ƙasar Faransa. Yana matashi juyin juya hali ya rutsa da gidansu, aka tsare mahaifinsa, wanda jami'in shari'a ne a gwamnatin sarki. Hakan bai hana shi karatu ba. Ya shiga makarantar École Polytechnique ta birnin Faris a 1797, daga bisani ya zama mataimakin fitaccen masanin sinadarai Berthollet.

Sunansa ya fito a 1804, lokacin da ya hau balan-balan shi kaɗai ya yi sama fiye da mita 7,000 domin nazarin iska. Amma aikinsa da ya fi taɓa kasuwa a ƙasa ya yi shi.

A zamanin, masu yin sabulu da gilashi suna sayen gishirin toka da nauyi, alhali ƙarfinsa ya bambanta daga ganga zuwa ganga, ido kuma ba ya gane na algus. Wani masani, Descroizilles, ya ƙera ma'aunin gwada shi a 1806. Gay-Lussac ya inganta dabarar a 1828. Ana narka kayan a ruwa, a sa launin da ke sauyawa idan tsami ya rinjaya, sannan a riƙa ɗiga asid wanda aka san ƙarfinsa daga wani bututun gilashi mai layukan awo. Da launin ya juya sai a tsaya. Yawan asid ɗin da aka kashe shi ne shaidar ingancin kayan, don haka farashi ya koma bin inganci. A 1832 ya wallafa irin wannan hanya ta gwada azurfar kuɗi da ruwan gishiri, bayan ya zama mai tantance ƙarfe a gidan buga kuɗin Faransa.

Da wannan dabara ake auna ƙarfin kanwar ruwan sha a yau, wato iyawarsa ta kashe tsami. Ma'aikacin hukumar ruwa yana ɗiga asid har ma'aunin pH ya sauka kusan 4.5, sannan ya lissafa sakamakon da miligiram a kowace lita. Awon yana da muhimmanci domin alif da ake tace ruwa da shi yana cinye wannan ƙarfi. Idan ya yi ƙasa, datti ba ya kwantawa yadda ya kamata, ruwan kuma ya riƙa cin bututu.

Gay-Lussac ya zama ɗan majalisa a 1831, ya rasu a Faris ranar 9 ga Mayu, 1850. Sunansa na cikin 72 da aka zana a hasumiyar Eiffel.