Redd Foxx: Mai Barkwancin Da Ya Yi Wanke-Wanke Tare Da Malcolm X

A farkon shekarun 1940, wasu samari biyu baƙaƙen fata sun yi aikin wanke kwanuka a gidan abincin Jimmy's Chicken Shack da ke unguwar Harlem a birnin New York. Dukansu gashin kansu ja-ja ne, shi ya sa ake wa ɗaya laƙabi da Jan Detroit, ɗayan kuma Jan Chicago. Na farkon shi ne Malcolm X, wanda ya sauke farali a 1964, ya ziyarci Nijeriya da Ghana, aka kuma harbe shi a 1965. Na biyun shi ne Redd Foxx.

Sunansa na yanka John Elroy Sanford. An haife shi ranar 9 ga Disamba 1922 a St. Louis, ya tashi a Chicago, mahaifinsa kuwa ya bar gida tun yana ƙarami. Bai kammala sakandare ba ya nufi New York neman na kansa. Shekara da shekaru yana yawon barkwanci a gidajen rawa na baƙaƙe, domin wariyar launin fata ta rufe masa manyan dandali. A shekarun 1950 kamfanin Dootone ya soma buga barkwancinsa a faifan garmaho. Faya-fayan sun yi kasuwa ƙwarai, sai dai batsar da ke cikinsu ta hana gidajen rediyo sanya su.

Tauraronsa ya haska a 1972, lokacin da tashar NBC ta fara nuna shirin Sanford and Son, wanda aka gina a kan Steptoe and Son na BBC. Foxx ya fito a matsayin Fred Sanford, tsoho mai kafirin baki da ke sana'ar gwangwan tare da ɗansa Lamont a unguwar Watts ta Los Angeles. Sunan Fred na yayansa ne da ya rasu. Bai manta da abokan wahala ba, ya jawo irin su LaWanda Page cikin shirin. A 1973 ya samu lambar yabo ta Golden Globe, shirin kuma ya ci gaba har 1977. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne dafe ƙirji yana tangaɗi, wai zuciyarsa ta buga, yana kiran sunan marigayiyar matarsa Elizabeth.

Dukiya ta shigo masa kamar ruwan sama, ta kuma zurare. A 1983 ya shaida wa kotu cewa ya karye, sannan a 1989 hukumar haraji ta Amurka ta ƙwace gidansa na Las Vegas da motocinsa saboda bashin haraji. Wannan abin lura ne ga kowane ɗan'uwa da ke neman halali a ƙasar nan: hukumar haraji ba ta duba suna ko ɗaukaka.

Yana cikin fafutukar farfaɗowa da sabon shiri, The Royal Family, ajali ya riske shi. Ranar 11 ga Oktoba 1991, ana tsakiyar gwaji, ya yanke jiki ya faɗi. Abokan aikinsa suka ɗauka wasan da ya saba ne, ashe bugun zuciya ne na gaske. Ya cika a asibiti a daren ranar, yana da shekara 68. Eddie Murphy, wanda suka fito tare a fim ɗin Harlem Nights, shi ya ɗauki nauyin binne shi.