Buka Washinton, bawan da ya gina makarantar Taskigi

A shekarar 1861 wani mai gona ya rasu a jihar Bajiniya ta ƙasar Amurka. Da aka zo ƙidayar dukiyar da ya bari, sai aka rubuta wani yaro baƙar fata ɗan shekara biyar cikin lissafi, aka yi masa kuɗi dalar Amurka 400. Sunan yaron Buka. An haife shi cikin bauta a 1856, uwarsa ita ce mai dafa abinci a gonar, ubansa kuwa wani farar fata ne da bai taɓa kula da shi ba. Iyakar abin da ya haɗa shi da lakwal a lokacin shi ne ɗaukar littattafan ɗiyar ubangidansa zuwa bakin ƙofar aji, domin doka ta hana a koya wa bawa karatu.

Bayan an ƴanta bayi a 1865, uwarsa ta kwashe su zuwa garin Malden, inda mijinta yake aikin gishiri. Tun da asuba yaron yake tashi ya shiga cika ganguna, daga baya kuma aka sa shi ramin haƙar gawayi. Abin da ya fara ganewa a rubuce shi ne lamba 18, wadda ake zanawa a jikin gangunan mijin uwarsa. Uwar ta samo masa wani ƙaramin littafin baƙaƙe, ya riƙa fama da shi da dare bayan an tashi aiki. Ranar da ya fara shiga aji ya ji kowane yaro da suna biyu, sai ya laƙa wa kansa Washinton.

A cikin ramin gawayi ya ji labarin makarantar Hamton, inda ɗan talaka yake biyan ci da kwana da aikin hannunsa. A 1872 ya kama hanya, tafiyar wajen kilomita 800. Guzuri ya ƙare masa a birnin Richmond, ya yi ta kwana a ƙarƙashin katakon gefen titi, da rana yana sauke ƙarfe daga jirgin ruwa. Da ya isa Hamton, duƙun-duƙun, shugabar malamai ta yi shakkar karɓarsa, ta ce ya share wani aji. Ya share shi sau uku, ya goge ƙura sau huɗu. Matar ta bi katako da farin ƙyalle ba ta sami dauɗa ba, nan take aka rubuta sunansa. Wannan shara ita ce jarrabawarsa, kuma da ita ya ci gaba da biyan kuɗin abincinsa har ya gama a 1875.

A 1881 majalisar jihar Alabama ta yarda a buɗe wa baƙar fata makarantar horon malamai a ƙaramin garin Taskigi. Wani tsohon bawa mai suna Lewis Adams, maƙeri kuma baduku, shi ya yi tsayin daka har aka sami wannan izini. Shugaban Hamton, Janar Armstrong, ya ba da sunan Washinton, yana ɗan shekara 25. Da ya iso ya tarar babu fili, babu gini, sai dala 2,000 a shekara don albashin malamai kaɗai.

Kafin ya buɗe aji sai ya yi wajen wata guda yana zagaya ƙauyuka, yana kwana a bukkokin manoma, yana cin abin da suke ci. Abin da ya gani a nan shi ya tsara masa dukan aikinsa. Ana shuka auduga har bakin ƙofa, amma ba lambu ko na taki ɗaya, sai a tafi kanti a ci bashin abinci a kan amfanin da bai nuna ba. A wani gida ya tarar da kayan kiɗa mai tsada da ake biya wata-wata, alhali mutum biyar suna cin abinci da cokali mai yatsu guda ɗaya. Ya kuma ga wani saurayi da ya yi makaranta, zaune cikin ƙazanta, ciyawa ta cinye farfajiya, yana haddar nahawun Faransanci. Ba Faransancin ne ya dame shi ba. Abin da ya dame shi, karatun bai taɓa komai ba a zaman gidan.

Ranar 4 ga Yuli 1881 aka fara karatu da almajirai 30, cikin wata tsohuwar rumfa kusa da majami'a. In ana ruwa, sai wani almajiri ya riƙe wa malam laima. Da yawansu malamai ne a ƙauyukansu, suna alfahari da manyan littattafan da suka haddace. Akwai ƴan mata masu iya nuna hamadar Sahara a taswira, amma ba su san yadda ake shirya tebur ba. Galibinsu kuwa sun zo ne da niyyar karatu ya raba su da fartanya har abada, kuma ba abin zargi ba ne ga mutanen da iyayensu suka yi noma da bulala a baya.

Washinton ya ci bashin dala 250, ya ba da kafin alƙalami na wata tsohuwar gona mai hekta 40. Aka gyara bargar dawaki da akurkin kaji suka zama azuzuwa. Da ya ce a fito saran daji bayan darasi, almajirai suka yi ta gunaguni, sai ya ɗauki gatari ya shige gaba. Wasu iyaye suka aiko da takardu cewa karatu suka turo ƴaƴansu, ba aikin ƙarfi ba. Bai saurare su ba.

Babbar wahala ita ce ta tubali. Garin ba mai ƙona tubali, shi kuwa yana so almajirai su gina makarantarsu da hannunsu. Matoya ta farko ta lalace, ta biyu haka, ta uku ta rushe cikin dare ana dab da gamawa. Kuɗi suka ƙare, malamai suka ce a haƙura. Ya ɗauki agogonsa ya kai birnin Montgomery ya jinginar a kan dala 15, da su aka kunna ta huɗu, ta yi kyau. Agogon bai dawo ba, amma ba da daɗewa ba Turawan garin suka fara zuwa sayen tubali a makarantar.

Daga nan sana'o'i suka yi ta ƙaruwa: gini, aikin kafinta, ƙira, dukanci, ɗinki, ɗab'i, ƙera amalanke, kiwo da sarrafa madara. Ba a yar da littafi ba, an ɗaure shi da aiki ne. Darasin lissafi sai ya zama ƙidayar tubalin da bango zai ci, ko awon fili da kuɗin iri. Darasin rubutu kuwa, almajiri ya bayyana aikin da ya yi jiya a maƙera. Har wa yau ana koyar da abin da ba ya cikin kowane littafi: zuwa aiki a kan lokaci, riƙon lissafin kuɗi, wanka, kwanciya tsakanin zannuwan gado biyu. Burushin goge haƙori wajibi ne, wanda ba shi da shi ba ya zama. Tun daga 1884 marasa hali suna aiki awa goma da rana, su yi karatu awa biyu da dare, ana tara musu ladan aikinsu har ya isa su koma ajin rana.

A 1892 ya fara tara manoman yankin taro kowace shekara. A 1896 ya ɗauko masanin noma George Carver, wanda ya yi ta jan hankalin manoma su huta da auduga su shuka gujiya da wake da dankali don ƙasa ta farfaɗo. A 1906 makarantar ta hau amalanke, ta riƙa bin ƙauyuka da garma da iri tana nuna aiki a gonar manomi.

Sunansa ya game Amurka bayan jawabin da ya yi a Atlanta a 1895, inda ya nemi baƙar fata su sa sana'a da dukiya gaba, su jinkirta neman daidaito da Turawa. Masu arziki suka buɗe masa aljihu, Andrew Carnegie kaɗai ya ba da dala 600,000 a 1903. Amma a cikin waɗannan shekaru ne aka ƙarfafa dokokin wariya, jihohin kudu suka ƙwace wa baƙar fata ƙuri'a, Alabama ma ta yi haka a 1901. Shi ya sa a 1903 masani Du Bois ya fito ya soke shi a rubuce, yana ganin mai sana'ar da ba shi da ƙuri'a ba zai iya tsare abin da ya tara ba, kuma jama'ar da ba ta da likitoci da lauyoyi da manyan malamai za ta dawwama a ƙarƙashin wasu. Sukar tana da ƙarfi. Sai bayan mutuwarsa takardunsa suka nuna cewa a ɓoye yana biyan kuɗin ƙararrakin da aka kai kotu don karya waɗannan dokoki. Mutum ne mai zaune cikin maƙiya da makaranta a hannu, sai dai kuma bai ji daɗin masu ja da shi ba, har yakan yi amfani da kuɗi da sanayya ya toshe bakin jaridunsu.

Tsarinsa ya ƙetaro Afirka ta hanya biyu. John Dube ya kafa makaranta irin ta Taskigi a Afirka ta Kudu don amfanin ƴan ƙasa. A Togo kuwa, mutanen Taskigi da suka sauka a 1901 Jamusawa suka yi wa aiki, aka koya wa samari noman audugar da masaƙun Jamus suke bukata, galibi bisa tilas.

A watan Nuwamba 1915 ciwo ya kayar da shi a birnin New York, ya nemi a maida shi gida. Ya rasu a Taskigi ranar 14 ga watan, yana da shekara 59. Ya bar almajirai wajen 1,500, da gine-gine fiye da 100, da sana'o'i kusan 40 da ake koyarwa. An binne shi a kan wani tudu cikin makarantar, a kabarin da almajiransa suka gina da tubalin da suka ƙona.