TAƘAITACCEN TARIHIN BAWAN ALLAH ERIC LIDDELL (1902-1945)

A wannan biki na cikar shekara hamsin na ga ya dace mu tuna da wani bawan Allah daga ƙasa mai nisa, musamman domin matasanmu.

An haifi Eric Liddell ranar 16 ga Janairu, 1902, a birnin Tiyanjin na ƙasar Sin. Iyayensa mutanen Sikotilan ne, masu aikin bishara a can. Tun yana ƙarami aka sa shi makarantar kwana ta 'ya'yan masu bishara a Ingila, daga baya ya shiga Jami'ar Edinbara ya karanta kimiyya.

Ubangiji ya ba shi baiwar gudu. Amma salon gudunsa abin dariya ne. Sai ya ɗaga kai sama, baki a buɗe, yana ta wurga hannuwa kamar wanda ruwa ya ci. An sha kushe shi, bai kwaikwayi kowa ba, kuma da wannan salon yake wuce kowa.

A shekara ta 1924 aka zaɓe shi ya wakilci Birtaniya a wasannin Olamfik a birnin Faris na Faransa. Gwanintarsa gudun mita 100 ne, kuma jama'a sun sa rai zai kawo musu zinariya. Tun da sauran watanni aka gane cewa zagayen farko zai faɗo ranar Lahadi. Eric ya ƙi yin tsere a ranar Ubangiji. Aka matsa masa, har waɗansu suka ɗauka ya ci amanar ƙasarsa. Bai yi faɗa da kowa ba, bai kuma hana abokansa gudu ba. Ya koma horon mita 400, inda ba a sa masa rai sosai ba. Ranar 11 ga Yuli ya cinye wannan tsere cikin daƙiƙa 47.6, ya karɓi zinariya, bayan tagullar da ya riga ya samu a mita 200.

Da yawa sukan tsaya da labarin a nan, kamar dai Allah kullum da zinariya yake biyan mai biyayya. Ni ban yarda ba. Ranar da ya ƙi gudu bai san zai ci komai ba.

A 1925, lokacin da sunansa ke bakin kowa, ya bar wannan daraja ya koma Sin ya zama malamin makarantar mishan a Tiyanjin. An keɓe shi fasto a 1932, ya auri Florence Mackenzie 'yar Kanada a 1934. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Sin da Jafan, ya tafi aikin ƙauye a Siyawchang, yana yawon bishara a kan keke a tsakanin sojoji. A 1941 ya tura matarsa, tana da ciki, tare da 'ya'yansu mata biyu zuwa Kanada. Shi kuwa ya zauna.

A 1943 Jafanawa suka tsare shi tare da sauran Turawa a sansanin Weihsien. Abinci ya yi ƙaranci, mutane suka yi ta guna-guni. Eric ya koyar da yara kimiyya da Littafi Mai Tsarki, ya ɗauki kaya wa tsofaffi, yara kuwa suka riƙa kiransa kawu. A nan ne wani abu ya faru wanda nake so dattawanmu su lura da shi. Da farko ya ƙi shirya wasa ranar Lahadi. Yaran suka yi wasansu ba mai lura, wasa ya ƙare da dambe. Sai ga shi ya fito ranar Lahadi ya zama musu alƙalin wasa. Mutumin da ya ƙi gudu domin ɗaukakar kansa, ya yarda ya tsaya a fili domin 'ya'yan waɗansu.

Ciwon kai mai tsanani ya kama shi, ashe ƙari ne a ƙwaƙwalwa. Ya huta ranar 21 ga Fabrairu, 1945, yana da shekara 43, aka binne shi a cikin sansanin. A watan Agusta aka saki waɗanda ke tsare. 'Yarsa ta uku, wadda aka haifa a Kanada, bai taɓa ganinta ba.